Mayar da birkin gaba na tsohuwar Beetle daga diram zuwa faifai: amsa ga mai tambaya daga Jos

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jos. Na gaji wata Volkswagen Beetle daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Haɗin Legas ce, takardunta sun nuna 1978. Na gyara inji na yi fenti, amma birkinta bai ba ni natsuwa ba. Diram ne gaba da baya, sai na taka sosai take tsayawa, wani lokacin kuma ta ja gefe. Ina so in riƙa zuwa Abuja da ita jefi-jefi. Bakanikena ya ce zai samo kalipa (ƙarfen da ke matse faifai in an taka birki) da faifan wata ƙaramar motar zamani a gwanjo, a yanka ƙarfe a yi walda a ɗaura. Shin aikin ya cancanta? Hanyar da ya kawo kuma daidai ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ya huta, kai kuma ya ba ka ikon riƙe abin da ya bari.

Aikin ya cancanta ga mutumin da zai riƙa sauka daga Filato da iyali a cikin mota. Amma hanyar walda da aka kawo maka, ina roƙonka, kada ka yarda da ita. Birki ba ƙarfe biyu ne kawai da ke bayan tayoyin gaba ba. Tun daga feda, zuwa masta (famfon da ke tura man birki), fayif, tiyo, man birki, birkin baya, har robar tayar da ke taɓa kwalta, duk abu ɗaya ne da aka auna kowane sashensa da ɗan'uwansa. In ka canza guda, dole ka san abin da ya faru da sauran.

Kafin mu je can, akwai abin da na ji a cikin tambayarka. Tsayawa da ƙyar da jan gefe ba halin diram ba ne, alamar diram marar lafiya ce. Beetle mota ce marar nauyi, ba ta wuce kilo 800 da 'yan kai ba in babu kowa a ciki, kuma diram ɗinta mai faɗin milimita 230 in yana da lafiya yana iya kulle tayoyi a busasshiyar kwalta. Birkinta ba ya saita kansa. Kowace taya tana da 'yan taurarin saiti guda biyu da ake juyawa da sukuddireba har shu, wato fatar birkin da ke gogar diram daga ciki, ya matso kusa da diram, kuma in an shekara ba a taɓa su ba feda za ta yi nisa. Jan gefe kuwa yawanci ɗaya ne daga cikin abubuwa uku: fistin ɗin silindar taya ɗaya ya kafe da tsatsa, ko mai ya zubo ya jiƙa shu, ko tsohon tiyo ya kumbura daga ciki. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ruɗa mutane. Daga waje tiyon lafiya lau yake, baƙi sumul. In ka yanka shi da reza sai ka ga ramin ciki ya tsuke, ko tsinke ba ya shiga. Mai yana wucewa in ka taka da ƙarfi, amma ba ya komawa in ka ɗaga ƙafa, sai birkin wannan ɓangaren ya riƙe ya yi ta zafi.

Don haka a fara buɗe tayoyin huɗu a duba. Ko da ka yanke shawarar sa faifai, rabin wannan aikin ba asara ba ne, domin diram ɗin baya yana nan tare da kai. In an buɗe, kada yaron gareji ya hura ƙurar da baki ko da iskar kwamfireso. Tsofaffin shu da yawa da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuwa tana lalata huhu ne a hankali, sai bayan shekaru ciwon yake fitowa. A jiƙa tsumma a goge.

To me faifai zai ba ka? Mutane da yawa suna zaton zai rage tazarar tsayawa. A taka ɗaya, daga sanyi, a busasshiyar hanya, bambancin ba shi da yawa, domin da zarar birki ya kai ga kulle taya, abin da ya rage tsakanin roba ne da kwalta. Shi ya sa nake cewa ka duba shekarun tayoyinka kafin ka kashe ko sisi a kan kalipa. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Motocin gado sukan daɗe a ajiye, zanen tayar na nan kamar sabo, amma robar ta bushe ta yi tauri. Faifai a kan irin wannan taya kulle ta kawai zai yi da wuri.

Inda faifai ya yi wa diram nisa shi ne wajen zafi, kuma a nan ne zancen hanyarka ya shigo. Aikin birki shi ne mayar da gudun mota zafi. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, duk wanda ya bi ta Riyom ya gangara Hawan Kibo ya nufi Akwanga ya san yadda ƙasa ke zubewa a gabansa, kwana bayan kwana, ga tireloli. Ɗauki mota mai nauyin kilo 1,000 da mutane da kaya, ta sauko tsayin mita 500. Ƙarfin da dole a kashe ya kai jul miliyan 4.9, wanda ya isa ya kai ruwa kusan lita 15 ga tafasa. Inji da iska suna ɗaukar nasu kaso, amma in direba ya dogara da feda, mafi yawansa a cikin ƙarafunan birki yake ƙarewa. Diram rufaffe ne, zafin ba ya samun hanyar fita da sauri. Abin da ya fi muni, in ya yi zafi buɗewa yake yi, ya nisanci shu, sai feda ta ƙara nisa daidai lokacin da kake buƙatarta. Faifai a buɗe yake, iska na dukansa ta fuska biyu, in ya kumbura kuma wajen pad, wato fatar birkin da kalipa ke matsawa a jikinsa, yake matsowa.

Gazawar birki saboda zafi iri biyu ce, kuma yana da kyau direba ya iya bambance su da ƙafarsa. Akwai wadda feda tana nan da tauri, kana takawa iya ƙarfinka, amma motar ba ta rage gudu, ga warin ƙonewa. Wannan fatar shu ko pad ce ta wuce zafin da take iya kamawa. Akwai kuma wadda feda ke yin laushi ta tafi ƙasa. Wannan man birki ne ya tafasa, tururi ya shiga layi, tururi kuwa matsewa yake yi ba ya tura fistin. Faifai yana rage ta farkon sosai. Ta biyun kuwa, ko faifai huɗu ka sa, tsohon mai zai kai ka gare ta.

Sauran amfanin faifai ƙanana ne amma kullum za ka ji daɗinsu. Yana saita kansa yayin da pad ke cinyewa. A daminar Jos, in ka ratsa ruwa, juyi kaɗan ya isa ya watsar da shi, alhali diram sai ya ɗan jima yana riƙe da laima. Kuma bai cika jan gefe ba, domin diram yana da halin da shu ke cusa kansa cikin juyin ƙarfen ya ninka ƙarfin kamu, ƙaramin bambanci tsakanin hagu da dama sai ya zama babba.

Sa'ar da ka yi ita ce ba sai an ƙirƙiro komai ba. Birkin faifai ya yi suna ne tun 1953 da Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi, Citroën DS ta fito da shi a motar kasuwa a 1955. Volkswagen da kanta ta sa shi a gaban Beetle 1500 ta Turai da Karmann Ghia daga samfurin 1967. Ke nan akwai sipindil (ƙarfen da taya ke juyawa a kansa), faifai, kalipa da masta da injiniyoyin kamfanin suka auna wa wannan motar musamman, kuma har yau ana ƙera irinsu sababbi. Faifan yana da faɗin kusan milimita 278 da kaurin 9.5, kalipar tana da fistin biyu masu fuskantar juna, kowanne milimita 40.

Amma kada ka yi odar komai da shekarar da ke jikin takarda. Kamfanin Volkswagen na Legas ya fara haɗa motoci a 1975, kuma motocin da aka haɗa a wajen Jamus ba duka suka bi jadawalin canje-canjen Jamus ba. Ban da haka, motar da ta haura shekara 40 a hannun kanikawa daban-daban, mai yiwuwa an taɓa sauya mata ƙafar gaba ɗungurungum. A ɗaga ta a jak, a cire taya, ka duƙa ka gani da idonka. In ka ga ƙwallon joyin guda biyu, sama da ƙasa, kowanne da rigar roba, to mai bol-joyin ce, irin da Jamus ta koma yi daga samfurin 1966, kuma kayan kamfani za su hau kai tsaye. In kuwa ka ga sandunan ƙarfe da kawunan dura giris ba rigar roba, tsohon tsari ne mai kin-fin, shi kuma saiti na musamman ake yi masa. In ka ga doguwar shakazoba a cikin sifirin mai murɗi, wannan Beetle 1302 ce ko 1303, kayanta daban ne gaba ɗaya. Sannan ka ƙirga notinan taya. Huɗu a da'irar milimita 130, ko biyar masu faɗi a da'irar 205. Faifan kamfani mai huɗu ne. In motarka mai biyar ce ka sa mai huɗu a gaba kaɗai, ka shiga ɗawainiyar yawo da safaya biyu, don haka sai ka nemi saitin da aka yi wa mai biyar.

Yanzu ga maganar walda, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Sipindil, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, shi ke ɗauke da nauyin gaban mota, shi ke karɓar umarnin sitiyari, shi kuma zai riƙe kalipa a lokacin da take ƙoƙarin tsayar da motar. Ƙarfe ne da aka ƙera aka gasa shi a masana'anta don ya sami wani irin ƙwari. Wutar walda tana canza ƙarfen da ke gefen ɗinkin, ya yi tauri mai saurin tsagewa. Ba ranar da aka yi yake karyewa ba. Za a gwada a gareji, birki ya kama, kowa ya ji daɗi. Sai dai duk taka birki lanƙwasa ce ƙarama, dubbai a wata, tsaga na tafiya a ƙarƙashin fenti ba mai gani. An taɓa kawo mini wata tsohuwar mota da aka yi wa irin wannan aiki, mai ita yana kukan wani ƙas-ƙas in ya taka birki yana baya. Da muka wanke wurin da fetur muka haska tocila, sai ga wani siririn layi kamar gashi ya bi gindin waldar ya kusa zagayewa, bakinsa ya yi jan tsatsa, alamar ya daɗe da buɗewa. Abin da ya rage yana riƙe da kalipar bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Da ta ɓalle a kan gudu, za ta fizge tiyo mai ya zube, ko ta cushe a cikin rim ta kulle tayar nan take.

Ko da waldar ta riƙe, akwai matsalar daidaito. Kalipa tana so ta zauna a tsakiyar faifai, fuskarta a miƙe da fuskarsa, kuskuren da ake yafewa bai kai milimita ɗaya ba. Da ido da guduma ba a samun wannan. In ta karkace, pad zai cinye a gicciye, fistin ya riƙa cijewa, feda ta yi laushin da cire iska ba ya magancewa.

Sai lissafin girma, wanda ba a cika yi ba. Silindar diram ɗin gaba ta Beetle kusan milimita 22 ce, faɗin fuskarta bai kai santimita murabba'i 4 ba. Fistin ɗin kalipar kamfani mai milimita 40 yana da kusan 12.6, ya ninka sau uku da ɗoriya, domin faifai ba shi da wancan taimakon cusa kai na diram, da matsi kawai yake aiki. Motocin zamani da yawa kuwa fistin ɗinsu milimita 54 ne, wato kusan 22.9, ya kusa ninka na Beetle. An yi su ne don mota mai inji a gaba, mai busta (na'urar da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfin taka birki), mai babban masta. Beetle injinta a baya yake, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta a tayoyin baya yake, gabanta sakayau. Ka ɗaura mata wannan babbar kalipa, abu biyu za su faru. Feda za ta yi nisa saboda ƙaramin masta mai milimita 19 ba ya tura man da zai cika ta da wuri, sannan in ta kama, tayoyin gaba za su kulle tun na baya ba su fara aikin kirki ba. Tayar gaba in ta kulle, sitiyari ya zama ado: kana juyawa, mota na tafiya miƙe. A jiƙaƙƙiyar kwalta, a kwana, wannan birkin ya fi diram ɗin da ka cire haɗari.

Ban ce bakanikenka mugu ba ne. Yawancin masu kawo wannan shawara sauƙi suke nema wa mai mota, kuma sun saba da ƙarancin kaya. Ka zauna da shi cikin mutunci ka ce ka fi son kayan da ake ɗaurawa da noti. Akwai saitin da ke zuwa da sabon sipindil mai kunnuwan kalipa a jikinsa, irin na kamfani, shi na fi so. Akwai kuma mai zuwa da farantin ƙarfe da ake ɗaurewa a ramukan da bayan diram ke zama. Shi ma ba laifi in daga masana'antar da ta san aikinta ya fito, da notinansa masu lambar ƙarfi a ka.

Masta shi ne wurin da aikin mutane da yawa ke lalacewa bayan sun sayi kaya masu kyau. Mastan diram yakan zo da wani ɗan bawul da ke riƙe ragowar matsi a layi, wajen psi 10, don robobin silindar taya su zauna a buɗe kada iska ta shiga. Sifirin ɗin shu ya fi ƙarfin wannan matsi, don haka ba ya damun diram. Kalipa ba ta da sifirin. Robar da ke zagaye da fistin ce kawai ke ɗan ja da shi baya in ka saki feda. In ragowar matsin nan yana layin gaba, pad zai riƙa gogar faifai kullum, mota ta yi nauyi, rim ya yi zafi, mai ya tafasa ba tare da ka taka komai ba. Saboda haka ka sayi mastan da aka yi wa faifai a gaba da diram a baya. Kuma ka duba ko naka mai layi ɗaya ne. Tsofaffin Beetle layi ɗaya ne ke ciyar da tayoyi huɗu, tiyo ɗaya ya fashe, birki duka ya tafi. Mai layi biyu yana raba gaba da baya. Da za a ce in zaɓa maka tsakanin faifai da masta mai layi biyu, mastan zan fara zaɓa. Shi ma yana buƙatar tankin man birki mai ɗaki biyu. In an ɗaura, a bar ɗan wasa a feda, milimita 5 zuwa 7 kafin sanda ta fara tura fistin. In babu wannan wasan, ƙaramin ramin da mai ke komawa tanki zai toshe, birki ya riƙa kama kansa in ya ɗumama. Busta kuwa Beetle ba ta buƙata, kamfanin ma bai sa mata ba. Fedar za ta fi ta motar zamani tauri, wannan ba matsala ba ce.

Tiyoyi huɗu duka a canza, ba na gaba kaɗai ba. Na gaban su zama masu tsawon da aka yi wa faifai, a juya sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, mota a sama da kuma a ƙasa, a tabbata ba sa miƙewa, ba sa murɗewa, ba sa gogar taya. Fayif ɗin ƙarfe da ke bi ta cikin motar kusa da ƙafar direba zuwa baya yakan yi tsatsa a ƙarƙashin kafet inda ruwa ke kwanciya, a ɗaga a duba. In za a canza, a sa fayif ɗin birki na gaskiya mai kaurin milimita 4.75, na ƙarfe ko na gaurayen tagulla da nikel. Kada a sa fayif ɗin jan ƙarfe na masu gyaran firiji, girgiza na sa shi ya yi tauri ya tsage. Zaren notinan Volkswagen M10 ne mai tazarar 1, in wani noti ya ƙi shiga da hannu, ba nasa ba ne, kada a tilasta shi da sifana.

Man birki: DOT 4, sabuwar gora da ba a taɓa buɗewa ba. Sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230. Amma man yana shan laima daga iska, in ya sha, na farkon yana sauka zuwa 140, na biyun 155. Ka ga dalilin da ake canza shi duk shekara 2 ko da motar a ajiye take. Ka kula da DOT 5, na silikon ne, ba ya gauraya da sauran. Kuma tunda ka yi sabon fenti, ka sani man birki yana cin fenti, in ya ɗiga a wanke da ruwa nan take.

Ranar ɗauri, ka je garejin ka tsaya. Akwai 'yan abubuwan da za ka iya lura da su ko ba ka taɓa riƙe sifana ba. Kalipa tana da hagu da dama, ɗan notin cire iska dole ya kasance a sama, domin iska sama take taruwa. In an musanya su, ko kwana za a yi ana famfo feda ba za ta yi tauri ba. Notin sipindil na hagu a Beetle zarensa a juye yake, wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi. Wayar sifidomita ma ta cikin wannan sipindil ɗin take bi. A sa sabon boris da sabon sil, a cusa giris cikin boris ɗin da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen, a ɗaure a sassauta har taya ta juya sakayau da ɗan wasan da ba ya wuce milimita 0.03 zuwa 0.12. A saman bol-joyin na sama akwai wani zobe mai karkataccen rami da ke saita tsayuwar taya, yana da 'yar tsaga da ya kamata ta kalli gaba. A wanke sabon faifai daga man da aka shafa masa don tsatsa kafin pad ya taɓa shi. Notinan kalipa a ɗaure su da sifana mai awo bisa littafin motar. Tunda an taɓa sipindil da tayirod, dole a je alaimen daga baya.

Bayan motar kuma kada a raina shi. A Beetle, diram ɗin baya yana aiki fiye da na yawancin motoci, kuma shi ne birkin hannunka. Sil ɗin aksul yakan zubar da man giya ya jiƙa shu. Shu da ya sha mai ba a wanke shi a mayar, canza shi ake yi, hagu da dama tare. A bar silindar baya a girman da kamfani ya sa. In an ƙara mata girma, baya na iya riga gaba kullewa, motar da bayanta ya kulle kuwa juyawa take yi ta kalli inda ta fito.

Wajen kaya, a Dilimi ko Farin Gada nan Jos, ko Apo a Abuja, za ka iya samun boris, mai, fayif, wataƙila da pad. Sipindil da kalipa sai an tona, a Panteka ta Kaduna, Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Ladipo a Legas, ko kuma a yi oda daga waje, inda kuɗin ke bin dala. Sipindil na gwanjo ba laifi in an wanke an duba babu tsaga, babu alamar wuta, mazaunin boris bai cinye ba. Kalipar gwanjo sai an fitar da fistin an gani, in yana da ramukan tsatsa a bar ta, in sumul yake a sa sababbin robobi. Faifai, pad, tiyo da masta kuwa sababbi kawai. In kuɗin bai kai a yi duka lokaci ɗaya ba, gyara diram huɗun da masta mai layi biyu da tayoyi masu kyau, ka ci gaba da tara kuɗi. Rabin aikin faifai bai kai cikakken aikin diram ba. Tsofaffin kayan da aka cire kuma ka shafa musu giris ka ɗaure a buhu ka ajiye, masu neman tsofaffin motoci suna daraja wadda za a iya mayarwa yadda ta fito.

Ga masu wasu motocin da ke karanta wannan: Peugeot 504 da faifai a gaba ta fito, gyara take buƙata ba canji ba. Land Rover Series III diram ce ƙafa huɗu kuma tana da nauyi, in za a sa mata faifai sai an yi maganar busta, in injin dizal ne kuma sai an tanadi famfon da zai ba bustar iska, tunda dizal ba ya samar da zuƙar da injin fetur ke bayarwa.

In an gama, kada ka fara da hanyar Abuja. Mota a tsaye, ka taka feda da ƙarfi ka riƙe rabin minti. In tana zamewa ƙasa a hankali, akwai yoyo ko mastan na da matsala. Daga nan ka sami hanya marar cunkoso, ka kai gudun kilomita 60, ka rage zuwa 10 da matsakaicin taku ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita kamar sau takwas ko goma, sannan ka yi tafiya kaɗan ba birki don ya huce. Wannan ne ke sa pad ya zauna a fuskar faifai. Kilomita 200 zuwa 300 na farko ka guji taka birki da ƙarfi sai dole. Bayan haka ka je fili mai tsakuwa ko jar ƙasa, wani ya tsaya daga gefe nesa kaɗan yana kallo, ka taka da ƙarfi a gudun 30. Abin da ake so shi ne tayoyin gaba su kulle tare, kaɗan kafin na baya, motar kuma ta tsaya a miƙe. In ka dawo gida ka ɗaga gaban a jak ka juya tayoyin da hannu. Ɗan sautin shafa ba komai, amma in taya ta ƙi juyawa, akwai matsin da ya maƙale a layi, a koma kan masta da wasan feda.

Ranar da za ka sauka Hawan Kibo, ka sa giya ta uku tun daga sama, inda gangarar ta yi tsanani ka koma ta biyu, inji ya riƙe motar. Birkin ka riƙa taka shi da ɗan ƙarfi ka saki, kada ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa, kuma kada ka taɓa sakin motar a firi don tsimin mai. Man birkin da ke tankinsa zai riƙa raguwa kaɗan-kaɗan yayin da pad ke cinyewa, wannan halin faifai ne, amma in ya sauka da yawa cikin mako guda yoyo ne. Bayan kilomita 500 ka mayar da ita gareji a sake duba wasan boris, notinan kalipa da na taya, da bakin kowane tiyo. Allah ya tsare hanya.